Ninki Uku a Wuyan Zulai

A danginmu akwai sarƙa guda ɗaya da ake girmamawa fiye da wasu mutanen gidan, kuma ni ce mai ajiyarta. Ta azurfa ce, doguwa, kakarmu Iya Kande ta sa aka ƙera mata tun tana amarya a Gazara. Gaɓoɓinta murɗaɗɗu ne kamar igiyar rama, kuma nan da can akwai ɗan ƙulli mai kama da ƙwayar dawa. Ban taɓa ganin irinta a wuyan kowa ba. In aka sake ta ninki ɗaya, har cibiya take kaiwa. Da Iya ta rasu ta koma hannun mahaifiyata, da mahaifiyata ta rasu ta dawo hannuna, ni Bilkisu, a nan Makarfi, bayan inda ake lodin rake.

Ranar da babu aure a dangi, kowace mace tana iya zuwa ta ara ta sa yadda ranta yake so, kuma ni nake nuna musu. Mai doguwar riga sai in sake mata ita ninki ɗaya, in yi mata ƙulli a tsakiyar ƙirji. Mai atamfa sai in ninka biyu, in jawo ƙugiyar gefe ta zauna a kan ƙashin wuya. Na taɓa naɗe wa wata a hannu har ta cika mata tsintsiyar hannu, na taɓa ɗora wa wata a kan ɗaurin ɗankwali ta sauko mata goshi, mutane suka yi ta tambayar inda ta saya. Sarƙa ɗaya ce, amma sai ki rantse biyar ce.

Ranar ɗaukar amarya kuwa ba a wasa. Budurwa ninki uku ake yi mata, bazawara ninki biyu. Haka Iya ta tsara, haka muka taso muka gani, kuma duk inda jinin Iya ya kai, daga Gazara zuwa Ikara zuwa Kudan, an san da haka. Matan dangin ango in suka shigo ɗaki ba fuskar amarya suke fara kallo ba, wuya suke kallo su ƙirga. Iya ta sa an auna sarƙar daidai: in ta zagaya wuya uku, ƙugiya ta kama, sai a sami wurin zura yatsa ɗaya, ba ƙari.

To, ina da ƙanwa, Ummuhani, 'yar ƙanwar mahaifiyata. A Ikara take aure, mijinta babban dillalin tumatir ne, motocinsa har Kudu suke kaiwa. Ummuhani tun muna yara in ta ga abu a hannunki sai idonta ya yi ta binsa har ki ji kunya ki ba ta. Ga baki kuma. In ta buɗe shi a taro, sai kowa ya yi dariya, ko da kuwa kanki ake yi.

Shekarar da suka gama sabon gida ta zo aron sarƙa, wai za ta sa ranar walima. Na ba ta, har na zauna na koya mata ƙullin ƙirji. Walima ta wuce, damina ta wuce, sarƙa shiru. Sai da na aika sau da yawa kafin ta bayar aka kawo mini a ƙulle cikin leda, kamar ƙullin daddawa.

Ni kuwa ina da al'ada. Duk lokacin da aka dawo da sarƙa, sai na wanke ta da toka da lemun tsami, in goge, in gwada ninki uku a wuyana kafin in mayar da ita akwati. Ran nan na zagaya ɗaya, na zagaya biyu, na kawo na uku, ƙugiya ta ƙi kaiwa. Na warware na sake. Na ja har numfashina ya sarƙe. Tsakanin ƙugiya da zobenta akwai tazarar da ta kai tafin hannu. Na zauna a bakin gado ina kallon sarƙar, don na san abin da aka yi.

Ba a daɗe ba muka haɗu a wani suna a Gazara. Tsakar gida cike da mata, ana rabon waina. Ummuhani ta miƙo hannu za ta ɗauki kwano, sai ga shi nan a hannunta na hagu: abin hannu na azurfa, murɗaɗɗe, da ƙullin ƙwayar dawa har uku. Ko ɓoyewa ba ta yi ba.

Na ce, "Ummuhani, wannan abin hannun fa?"

Ta juya hannun tana kallonsa. "Wannan? Alhaji ya kawo mini daga Makka. Ya yi miki kyau ne, Yaya Bilki?"

"Daga jikin sarƙar Iya kika yanke shi. Na gwada, ba ta rufe uku."

Sai ta ajiye kwano, ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta tafa hannu. "Jama'a ku zo ku ji! Yaya Bilki ta gwada sarƙa a wuyanta ta ƙi rufewa, wai ni na yanke. Yaya, ki dubi madubi mana. Mazarƙwailar Makarfi ce ta karɓe ki. Wannan wuyan naki ai ko igiyar guga ba za ta zagaya shi uku ba!"

Gidan ya ɗauki dariya. Har mai jego da ke ɗaki sai da ta leƙo. Na buɗe baki zan yi magana, tsofaffi suka taso mini: haba Bilkisu, gidan suna ne, ke ce babba, ki bar maganar saboda zumunci. Babu wadda ta ce a kawo sarƙa a auna. Mijin Ummuhani yana raba musu shinkafa da azumi, ni kuwa mijina Ahmadu malamin firamare ne. Daga ranar sunana a dangi ya koma Yaya Mai Wuya. 'Yan mata suna faɗa a ɓoye, manya suna faɗa a gabana, wai wasa ne.

Ban yi kuka a Gazara ba. Sai da na shiga motar Makarfi na ja mayafi na rufe fuska. Kuma ba satar ce ta fi ci mini rai ba, dariyar ce.

Ranar kasuwa na ɗauki sarƙa na kai wa Yahuza, maƙerin azurfa da ke zama a ƙarshen layin masu kwanuka. Ya sa tabarau ya bi ta gaɓa gaɓa, har ya tsaya a wani wuri ya nuna mini. "Ga inda aka yanke aka haɗe. Wanda ya yi aikin ma ba shi da hannu. Amma kada ki damu, Hajiya, zan iya kwaikwayon murɗin. In ƙara miki abin da ya ɓata, babu mai ganewa."

Na dubi wutarsa. Gaskiya na kusa cewa to. Sai dariyar nan ta dawo mini a kunne.

Na ce, "Kada ka ƙara komai. 'Yan zobba biyu nake so, ƙanana, masu buɗaɗɗen baki, waɗanda in an matse za su haɗa gaɓa da gaɓa. Kuma ka sayar mini da ƙaramin awartakinka, ka nuna mini yadda ake matsewa."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Zobba biyu ba za su cike wannan tazarar ba."

"Na sani. Abin da zai cike ta yana nan, a hannun wani yake."

Ya yi mini zobban. Na ƙulle su a ƙyalle tare da awartakin, na jefa a akwati kusa da sarƙa.

Maƙwabciyata Philomena, mai ɗinki, ita kaɗai na gaya wa. Tun da suka zo daga Kudancin Kaduna muke katanga ɗaya, ba abin da muke ɓoye wa juna. Ta tsayar da kekenta ta ce, "Maman Zayyad, ki bar wa Allah mana. Ki bari mutumin ya gyara, ki huta."

Na ce, "Na bar wa Allah. Zobba kawai na ajiye."

Ta girgiza kai ta ci gaba da taka keke.

Abin da Ummuhani ba ta lissafa ba shi ne wannan. Ni 'ya'yana duk maza ne. A dangin kuma an yi ta haihuwar maza a jere, 'yan matan da suka girme su duk an aurar kafin a taɓa sarƙa. Budurwa ta gaba a layi ita ce Zulai, 'yar Ummuhani ta fari, wadda a lokacin take firamare da ɗan hijabinta. A tsakani an yi auren wata bazawara a Saulawa, na je na yi mata ninki biyu, sarƙa ta zauna cas, babu wanda ya lura da komai. Ni ma ban ce uffan ba. Ina zuwa biki, ina zuwa suna, ana ce mini Mai Wuya ina amsawa. Ina kallon Zulai tana tsawo, ina kallon abin hannun yana nan a hannun uwarta, don ta san ranar da ta cire shi ta amsa laifi ke nan.

Zulai yarinyar kirki ce, wannan ba zan ɓoye ba. Ba ta ɗauko bakin uwarta ba. In ta zo Makarfi hutu ita ke yi mini tsifar kai, kuma ba ta taɓa kirana da sunan nan ba. Ta gama karatun ungozoma, ta daidaita da Muktar, ɗan wani reshen danginmu na Kudan, suna son junansu kowa ya sani. Da na ji an sa rana, na rufe ɗaki na ɗauko ƙyallen nan na kwance. Zobban sun yi baƙi. Na wanke su da toka.

Ana saura 'yan kwanaki Ummuhani ta kira ni a waya. Muka yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi Malam, ta tambayi yara, ta tambayi sanyi. Can ta ce, "Yaya, kin san dai ke za ki shirya 'yarki. Sarƙa fa, lafiya lau take ko? Na ji an ce tun tuni kin kai wa maƙeri."

"Na kai."

"To madalla," in ji ta, na ji ta sauke numfashi. Ba ta ƙara tambaya ba, ni ma ban ƙara bayani ba.

Ranar ɗaukar amarya na isa Ikara da hantsi. Gida ya cika ya batse, ga tukwane a waje, ga 'yan mata da anko. Na ci abinci, na yi azahar, na zauna. Sau biyu Ummuhani tana aikowa in zo in sa wa amarya sarƙa tun da wuri, ina cewa ai ba a sawa sai dangin ango sun zauna, haka Iya take yi. Kuma gaskiya ne.

Bayan la'asar motocin Kudan suka iso. Matan dangin ango suka shigo ɗakin amarya, gabansu Gwaggo Asabe, yayar mahaifin Muktar, tsohuwa mai sanda wadda ta ga Iya Kande da idonta. Aka ba ta kujera. Ɗaki ya cika har bakin ƙofa, da yawansu matan da suka yi dariya a Gazara ne, sun ƙara tsufa kawai. Zulai tana zaune a bakin gado cikin leshi ruwan zuma, lalle har gwiwar hannu. Uwarta tana tsaye a gefe, hannu cike da awarwaron gwal, na azurfar yana leƙowa a ƙarƙashinsu.

Na yi bisimilla na fito da sarƙa. Na zagaya wuyan Zulai ɗaya. Na zagaya biyu. Na kawo na uku a hankali, yadda kowa zai gani, na ja ƙugiya. Wuyan Zulai siriri ne, amma duk da haka sai da tazarar yatsu uku ta rage. Na warware na sake, na ja har yarinyar ta yi tari.

Na ce, "Ikon Allah. Zulai, ke ma mazarƙwailar ce ta karɓe ki?"

Babu wadda ta yi dariya. Na ga wasu sun sunkuyar da kai.

Gwaggo Asabe ta buga sanda a ƙasa. "Me ake jira ne? Dare yana yi, ga hanya."

"Gwaggo, uku ta ƙi rufewa. Biyu take kaiwa." Na warware ninki ɗaya, na kama ƙugiya, sarƙa ta kwanta biyu a ƙirjin Zulai. "In a haka za ku karɓa, ga amaryarku."

Tsohuwar ta miƙa wuya ta ƙirga da ido. Fuskarta ta canza. "Mu dai budurwa muka zo ɗaukar wa Muktar. In akwai abin da ba a gaya mana ba, a gaya mana yanzu, tun ba mu fita da ita ba."

Ɗaki ya ɗauki ƙus-ƙus. Ummuhani ta yi tsalle ta shigo tsakiya. "Wallahi babu komai, Gwaggo! Sarƙar ce kawai. A cire ta mana, ga ta gwal na saya mata, ta fi wannan tsada nesa ba kusa ba."

"Tattaɓa-kunnen Kande ta shiga Kudan babu sarƙar Kande?" in ji Gwaggo Asabe. "Me zan ce wa matan da ke jira a can? Su ma ƙirgawa za su yi."

"To a ɗaura zare a baya a cike, mayafi zai rufe."

Na ce, "Ba da hannuna ba. Sarƙar Iya ba ta taɓa sanin zare ba."

Ummuhani ta juyo ta dube ni. A lokacin ne ta gane. Na ga abin ya sauka a idonta. Na daɗe ina jiran wannan kallon, kuma da ya zo ya yi mini daɗi har cikin ƙashi.

A waje direbobi suka fara danna hon. Zulai tana kuka, kwalli yana bin kumatunta. Ba ni ta kalla ba, ba Gwaggo Asabe ta kalla ba. Hannun uwarta na hagu ta kalla, ta ce, "Umma, don Allah." Ashe yarinyar ma ta sani.

Ummuhani ta dubi 'yarta. Sannan ta tura awarwaron gwal sama, ta fara kokawa da maɓallin abin hannun. Ya daɗe ba a buɗe shi ba, ya cije. Farcenta ya karye, babu wadda ta taimaka mata, ni kuwa na harɗe hannuwana. Da ya buɗe ta miƙo mini, kanta a ƙasa.

Ban karɓa ba. Na ce, "Wannan ai na Makka ne, Ummuhani. Me zan yi da tsarabar Alhaji?"

"Na sarƙar ne," ta ce can ƙasa.

"Ban ji ba. Gwaggo ma ba ta ji ba, kin san kunnen tsufa."

"Na sarƙar Iya ne! Ni na sa aka yanke. Shi ke nan? Kin ji daɗi?"

"Na ji," na ce, na karɓa.

Gwaggo Asabe ta yi salati. Wata a bakin ƙofa ta ce a aika kasuwa a nemo maƙeri. Na ce ba sai an wahalar da kowa ba. Na kwance bakin mayafina, na fito da ƙyallen nan, na shimfiɗa a cinyata: zobba biyu da awartaki. Na cire sarƙar daga wuyan Zulai, na ɓalle maɓallin da aka liƙa wa abin hannun, na nemo wurin da Yahuza ya nuna mini na buɗe shi. Zobe ɗaya nan, zobe ɗaya can, na matse. Murɗi ya hau murɗi, ƙwayar dawa ta bi 'yar'uwarta, kamar ba a taɓa raba su ba.

Ban sa wa amarya nan take ba. Na zame mayafina, na ɗaga haɓa, na zagaya nawa wuyan. Ɗaya, biyu, uku. Ƙugiya ta kama. Na zura yatsa a tsakani, na juya dama, na juya hagu, don na bakin ƙofa su gani.

Na ce, "Ga wuyan Mai Wuya nan. Wadda ba ta gani ba ta matso."

Babu wadda ta matso. Ummuhani ta riga ta fice, muna jin ta rufe ƙofar ɗakinta.

Na cire na sunkuya a kan Zulai na yi mata ninki uku, na gyara ƙullin ya zauna a tsakiya, na goge mata kwalli da bakin zanena. Gwaggo Asabe ta ƙirga ta ce madalla, aka rangaɗa guɗa. Ina gyara mata mayafi sai ta riƙe hannuna, ta yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"Inna Bilki, zobban nan tun yaushe suke wurinki?"

"Tun kina firamare."

"Maƙerin da ya yi su, ba zai iya cike sarƙar ba?"

"Zai iya."

Ta saki hannuna. "Ashe ranata kike jira, duk tsifar da nake yi miki."

Ban ce mata a'a ba, don ba na ƙarya. Aka fita da ita, ba ta waiwayo ba.

Bayan kwana biyu Muktar da kansa ya kawo mini sarƙa a naɗe cikin sabon ɗankwali. Ya gaishe ni da ladabi, ya ƙi shiga, ya ce amarya tana gaisuwa, na san kuma ba ta ce ba. Na wanke ta na gwada, ta rufe uku har da wurin yatsa. Philomena ta leƙo ta katanga ta ce, "To, Maman Zayyad, kin huce?" Na ce na huce sarai. Tun daga ranar babu wanda ya sake ce mini Mai Wuya, ko a bayan idona ban ji ba. Ummuhani kuwa in ta hango ni a taro sai ta canza tabarma.

Zulai ba ta sake tako gidana ba. Bana ta haihu, ba a aiko mini ba, a kasuwa na ji a bakin wata mai sayar da kuka, har an yi suna an watse. Na tambaye ta me aka samu, ta ce mace.

Na dawo gida ban ko sauke kayan miya ba, na buɗe akwati, na ɗebo toka, na yanka lemun tsami.